Makon da Na Karɓe Igiyar

Ina cikin shekara ta bakwai da fara koyarwa a ajin yara masu buƙata ta musamman, a wata firamare a nan Birnin Kebbi, na koma karatun digiri na biyu. Ba son ilimi kaɗai ya kai ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na gaji ne da yadda ake kallon ajinmu kamar ɗakin ajiyar yaran da aka rasa yadda za a yi da su, ni kuma mai gadi. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen jeri, yara goma sha ɗaya, malamai biyu: ni da wata abokiyar aikina da ta girme ni, mai haƙuri da yara, marar haƙuri da manya. Litinin zuwa Juma'a ina aji, Asabar da Lahadi ina jami'a.

Da lokacin bincike ya zo, yawancin abokan karatuna suka buga takardun tambayoyi suka bi makarantu suna rarrabawa. Na san yadda ake cike irin waɗannan takardun, don ni ma an sha kawo mini. Malami yana cin gyaɗa da hannu ɗaya, yana sa alama da ɗayan, ko karantawa bai yi ba. Na ce wa malamin da ke duba aikina ni ba zan yi wannan ba. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa ko a shan ruwa. Ya ce akwai hanyar da ta dace da irin ajina, ita ce binciken ɗalibi guda. Ba sai na nemi mutum ɗari ba. Yaro ɗaya zan ɗauka, in zaɓi hali ɗaya nasa da ake iya ƙirgawa, in gwada shi da kansa, wato yadda yake jiya da yadda yake yau. Ya zana mini gida huɗu a takarda, kowane gida zango guda. A zangon farko kallo ne kawai, ina ƙirgawa ba na canza komai. A na biyu in shigo da dabarata. A na uku in janye ta. A na huɗu in mayar. Idan halin ya ragu da dabarar, ya dawo da aka janye, ya sake raguwa da aka mayar, to babu mai cewa dace ne aka yi.

Na fito daga ofishinsa ina ta murna. A takarda abin gwanin kyau ne, gida huɗu reras. Ban tsaya a kan gida na uku ba ko da minti ɗaya.

Ban sha wahalar zaɓen ɗalibi ba. Akwai wata yarinya 'yar shekara tara a ajina, tana ji sarai amma ba ta magana, ba ta kuma son a dube ta cikin ido. Idan abu ya dame ta sai ta kai bayan hannunta na hagu baki ta ciza. Wurin har ya yi kanta, baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri. Iyayenta suna Argungu, manoman shinkafa ne. Kakarta ta wajen uba ce ta taso da ita suka zauna a gidan wani ɗanta a unguwar Nasarawa nan cikin gari, don kawai ta ji labarin akwai aji irin namu. Kullum da safe tsohuwar za ta kawo ta, ta shimfiɗa ɗan buhu a gindin dogon yaro da ke daidai tagarmu, ta zauna har a tashi. Inna nake ce mata, ita kuma tana ce mini Malama.

Sai da na nemi izininta kafin in fara, haka ƙa'ida ta ce. Na karanta mata takardar ina fassarawa. Da na zo wurin janyewa na ce akwai lokacin da za mu ɗan dakata, na wuce da sauri. Ta ce to, ta dangwala yatsa. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban tsaya na ga ta fahimta ba, kuma na san hakan tun a lokacin.

Zangon kallo ya fara ranar wata Litinin. Daga ƙarfe tara zuwa goma nake zama a kusurwa, abokiyar aikina tana tafiyar da aji yadda ta saba, ni kuma ina ƙirga cizo. Da farko da biro nake yi, sai na ga kafin in sunkuya in ɗago ta ƙara biyu. Sai na ɗauko ɗan carbin nan na latsawa da ake sawa a yatsa, wanda nake tasbihi da shi bayan salla. Ta ciza, in latsa. Ƙarfe goma in duba lambar in rubuta, in koma gida unguwar Badariya in ɗiga ta a takardar zane mai gida-gida.

Ban taɓa yin aiki mai cin rai irin wannan ba. Da can idan ta fara nakan tashi in riƙe hannun, in ja ta waje, in yi duk abin da ya zo mini. Yanzu ina zaune taku huɗu daga inda take, ina kallon haƙoranta suna shiga fatarta, abin da aka yarda in motsa shi ne babban yatsana. Bayan kwana biyar na kai wa malamina takardar, ya duba ya ce ɗigon sun cika hawa da sauka, in ƙara kwana biyar har layin ya daidaita. Na so in ce masa ya zo ya zauna a kusurwar nan ya daidaita shi da kansa. Na ce to, Malam.

A cikin kwanakin nan ne Inna ta tare ni a bakin aji bayan an tashi. Ta kama hannuna na dama, wanda carbin ke jiki, ta riƙe da hannu biyu.

"Malama, Allah shi biya ki. Ina ganinki ta taga. Dut sa'ad da tac ciji hannu sai kin yi mata addu'a."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne amin. Kunya ta hana ni gyara mata, kuma gaskiya na ji daɗin a ɗauke ni mai irin wannan zuciyar.

Dole in faɗi alherin hanyar nan, don tana da shi. Shekara biyu yarinyar tana gabana, ban taɓa ganinta ba sai da aka tilasta mini in zauna in kalla. Ashe cizon ba haka kawai yake zuwa ba. Tana kallon randar da ke bayan aji, sai ta ciza. Tana matse ƙafafu, sai ta ciza. Hayaniya ta yi yawa, ta dubi ƙofa, sai ta ciza. Ruwa take so, ko bayan gida, ko fita, ko abinci, ba ta da hanyar faɗa, mu kuma muna ta yi mata tsawa ta bari. Ranar da na gane haka na ji haushin kaina ƙwarai.

Dabarar da littattafai suka ba ni ita ce katin hoto: yaro ya miƙa hoton abin da yake so, a ba shi. Na je shagon kwamfuta aka buga mini, aka manna leda. Kofin gilashi, da farin masai na zama wanda ko a gidana babu irinsa, da faranti mai cokali mai yatsu. Na gwada mata da rana bayan awar ƙirga. Ta juya katin gaba da baya, ta sa a baki ta tauna. Abokiyar aikina ta yi dariya har da hawaye, ta ce aƙalla na sama mata abin cizo da ba hannu ba.

Sai na bar hoto na koma kan kayan da ta sani. Ƙaramin kofin roba don ruwa. Murfin buta don bayan gida. Cokalin shayi don abinci. Tsohon makulli don fita waje. Na nuna wa Inna ina neman abin da zan ɗaure su da shi, ta ce in bar mata. Washegari ta zo da igiya da ta tufka da zaren buhun shinkafa, siririya mai ƙarfi, ta huda kofin da murfin da ƙusa mai zafi, ta jera su yadda ba za su sarƙe ba. Muka rataya wa yarinyar a wuya, kayan suna sauka daidai ƙirjinta.

Kwana biyu ina koya mata. Idan ta kalli randa, kafin hannu ya kai baki sai in kama shi a hankali in ɗora a kan kofin, in jawo kofin zuwa tafina, nan take in ba ta ruwa. A rana ta uku ina tsugune ina ɗaure wa wani yaro takalmi, na ji an taɓa kafaɗata. Ita ce. Ba ta dube ni ba, bango take kallo, amma ta miƙo kofin har igiyar ta ja wuyanta. Na tashi da gudu na ɗebo ruwa, rabi ya zube a hanya. Ta sha, ta koma wurinta. Na leƙa taga na ga Inna tsaye, ta rufe bakinta da gefen mayafi.

Daga nan layin da ke takardata ya gangaro. Daga arba'in da wani abu a awa ɗaya ya dawo goma sha, ya dawo shida, wata rana biyu. Makullin ta fi so. Takan kawo shi, in buɗe mata ƙofa, ta je ta tsaya kusa da kakarta minti biyu, ta dawo da kanta. Ba fitar ce ma ta dame ta ba, so take ta ga ƙofar na buɗuwa idan ta nema. Da igiyar take tafiya gida, da ita take kwana. Kantar hannun ta fara laushi. Inna ta kawo mini shinkafa 'yar gida cikin ƙullin zane, na ce ba zan karɓa ba, ta ce ai ba tambayata ta yi ba.

Mako uku muna haka, sannan na kai wa malamina takardar. Ya daɗe yana kallo, ya ce madalla. Sai ya ce saura zango na uku. Na ce Malam ai abin a fili yake. Ya ce a fili gare ni. Wani zai ce sanyi ne ya shigo yara suka natsu, wani zai ce ta saba da ni ne, wani zai ce girma ne ya zo. Idan ina so wata malama a wani gari ta yarda ta tufka igiya don nata ɗalibin, sai na nuna igiyar ce ta yi aikin. Gaskiya ya faɗa.

Amma bai tsaya nan ba, kuma wannan ne wurin da na fi son in tsallake idan ina ba da labarin. Ya tambaye ni ko cizon yana yi mata rauni. Ya ce idan yana fitar da jini, ba a janye wa yaro abin da ke kare shi. Akwai wani tsarin da ba a janye komai: a sake da wasu yaran biyu masu irin matsalar, a fara wa kowanne a lokaci daban, a ga ko kowa sai an fara masa yake sauyawa. Sai dai zai ci mini aƙalla wani zangon karatu guda. Na tuna abokan karatuna sun riga sun fara buga babi na huɗu. Na tuna sau biyu a kwanakin kallo na ga jini a hannun, kaɗan, amma jini ne.

Na ce masa, "Kanta ce kawai, Malam."

Ya ce to, kwana biyar, kada su wuce haka.

Ranar Litinin na je gindin dogon yaro na tsuguna gaban Inna na yi mata bayani, wannan karon dalla-dalla. Ta saurare ni har na gama.

"Malama, ban gane ba. Abu ya yi amfani, shi na za a ɗauke?"

Na ce don a tabbatar shi ne ya yi amfanin. Ta ce su a fadama idan suka datse ruwa ya tsaya a gona, ba sa fasa datsiyar don su gani ko ita ce ta tare shi. Na ce kwana biyar ne kawai, kuma saboda wasu yaran ne irin jikarta. Ta riƙa murza bakin buhun da take zaune a kai. Daga baya ta ce mu ne muka yi karatu, mu muka sani. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Ni na cire igiyar da hannuna. Yarinyar ba ta hana ni ba, don ta saba ina gyara mata ita. Na sa a jakata na ja zif. Na yanke shawarar ba za ta tafi gida da ita ba ma, kada ta dawo da ita da safe a yi ta kokawa. Ta shafa ƙirjinta. Ta duba ƙasa, ta duba bayan benci. Ta zo gabana ta tsaya tana shafa ƙirji. Ni kuma na koma kusurwata na sa carbi a yatsa.

Ranar Talata ce ba na mantawa. Wajen tara da rabi aji ya rikice da hayaniya. Na ga ta dubi ƙofa, na shirya yatsana. Ba ta ciza ba. Ta tashi ta nufi teburin abokiyar aikina, ta ɗauki makullan aji da ke kai, ta zo ta sa su a tafin hannuna. Ba wanda ya koya mata wannan. Yarinyar da ake cewa ba ta gane komai ta nemo wani makullin da kanta ta kawo mini. Abokiyar aikina ta tsaya da alli a hannu tana kallona.

A wannan zangon, yadda na fahimci ƙa'idar a lokacin, ba a amsa alama. Idan na buɗe ƙofar, na dawo da dabarar ke nan ta bayan gida, kwanakin sun lalace, sai a sake daga farko. Na yi wannan lissafin cikin ƙiftawar ido. Na miƙe, na mayar da makullan kan tebur, na dawo na zauna. Ta daɗe tsaye a gabana, ban san ko minti nawa ba. Sannan ta kai hannu baki. Na latsa.

Abokiyar aikina ba ta yi mini magana ba sai da aka tashi. Ta ce idan wannan ne karatun, ita ta gode Allah da ya tsayar da ita inda ya tsayar da ita. Na hau ta da bayani, da muryar da ta fi ƙarfin ɗakin, don na san tana da gaskiya.

Ranar Laraba yarinyar ta yi fitsari a zaune, abin da ta yi mako uku ba ta yi ba. Ranar Alhamis bayan an tashi Inna ta same ni ina sake duba lambar ranar. Ta ce tunda an ɗauke igiya, in koya mata addu'ar da nake yi, ita ma ta riƙa yi a gida, don jiya yarinyar ta ciji hannu har ta gaji. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce Inna ba addu'a ba ce. Na nuna mata ɗan gilashin carbin da lambar da ke ciki, na ce ƙirga cizon nake yi, tun ranar farko.

Ta dubi carbin, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ashe ƙidaya kike. Nawa anka samu yau?"

Na ce hamsin da uku.

"Sun isa, ko da saura?"

Ta kama hannun jikarta suka tafi, ni kuma na zauna a bencin yara na yi kuka, abokiyar aikina tana share aji.

Ranar Juma'a tun kafin tara da kwata kantar ta fashe, jini ya gangaro har wuyan hannu. Na jefar da carbin, na wanke wurin na ɗaure, na buɗe jaka na fito da igiyar. A raina na ɗauka za ta fizge ta da murna, komai ya koma yadda yake. Na rataya mata. Ta cire ta yar. Na ɗauko na sake ratayawa, ta sake cirewa. Na kama hannunta zan ɗora a kan kofin yadda na yi a farko, ta ƙanƙame jikinta ta juya wa bango fuska.

Mako biyu na yi a zango na huɗu. Na gwada duk abin da na sani. Na ajiye igiyar a kan bencinta, na rataya a wuyana ni ma ina nuna mata, na sa abokiyar aikina ta gwada. Na riƙa kawo mata ruwa tun kafin ta nema, ina buɗe ƙofa tun kafin ta duba. Ko kallon igiyar ba ta yi. Layin da ke takardata ya hau a zango na uku yadda littafi ya ce zai hau, ya kuma ƙi saukowa. Babu abin da ya fi wannan ban takaici: na san abin da take so, na san yadda za ta faɗa, ita ma ta sani, kuma ba ni da ikon sa ta ta sake yarda cewa idan ta faɗa za a ji.

Na kai wa malamina takardar, na kuma gaya masa komai, har jinin da na ɓoye da makullan da na mayar. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce da na faɗa masa. Ya ce ko ranar makullan ma, da na buɗe ƙofar, babu wanda zai kama ni da laifi, ɗigo ɗaya ne a takarda. Sannan ya ce in rubuta abin da ya faru yadda ya faru, wannan ma sakamako ne, zai hana wata yin irinsa. Na rubuta. Aikin ya wuce, har an yaba da gaskiyar da na faɗa a ciki. Yabon bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Kafin nan yankan shinkafa ya zo. Inna ta ce za su je Argungu su taya aiki, mako biyu su dawo. Mako biyu ya wuce, wata ya wuce, buhun da take zama a kai ma wani ya ɗauke. Na aika gidan ɗanta a Nasarawa, aka ce ta ce sun zauna ke nan. Igiyar tana jakata duk tsawon lokacin, duk sa'ad da na nemi biro sai cokalin ya taɓa yatsana.

Sai bayan wata biyar na iya zuwa. Na karɓi kwatance wurin ɗan nata, na shiga mota da safe, kafin hantsi ya yi zafi ina Argungu. Gidan yana can gefen gari wajen fadama. Tun daga zaure na ji ƙamshin gumi, mata suna turara shinkafa a manyan tukwane suna shanyawa a tsakar gida. Inna ta taso ta tarye ni a zauren da fara'a, ta tambayi mutanen gida da abokiyar aikina, ta sa aka kawo mini ruwa. Na zo da shirin a yi mini fuska, sai ga shi ana yi mini maraba, na rasa yadda zan fara ba da haƙurin da na haddace a mota.

Ta ce in leƙa, amma kada in shiga tukuna. Na leƙa. Yarinyar tana zaune a inuwar katanga, ta ƙara tsawo. A wuyanta akwai igiya sabuwa, ta zaren buhu, da kaya sun fi na da yawa. Na hango kofi da cokali da makulli, da guntun sabulu, da wani ƙyallen atamfa. Inna ta ce da suka dawo ta tufka wata, ta rataye a ƙusa kusa da ƙofar ɗaki daidai tsawon yarinyar, ta kuma kafa doka a gidan: ba mai taɓa ta, babba ko yaro. Wata biyu igiyar tana rataye ba ta kula ta ba. Wata rana da hantsi aka ga ta a wuyanta. Ko wanka za a yi mata, da ita ake yi. Na tambayi ƙyallen fa, ta ce daga zanenta ta yago, idan yarinyar ta miƙo shi to ita take nema.

Muna tsaye sai yarinyar ta tashi ta je wurin wata mata da ke juya shinkafa, uwarta ce, ta miƙa mata kofin. Matar ta ajiye abin juyin nan take ta ɗebo mata ruwa. Na tambayi Inna ko tana cizo har yanzu, sau nawa a yini. Tambayar ta fita kafin in kama ta.

Ta ce, "Tana yi wani lokaci. Ba mu ƙidaya."

Daga nan ta ce in shigo. Na yi sallama na taka tsakar gidan, na buɗe jaka na fito da tsohuwar igiyar, don mayar da ita na zo yi. Kayan suka yi ƙara. Yarinyar ta juyo. Ita da ba ta duban mutum cikin ido, ta dube ni sosai. Sai ta damƙe igiyar wuyanta da hannu biyu, ta tura ta cikin riga, ta ja da baya har bayanta ya haɗu da katanga. Ta tsaya a nan, hannuwanta a ƙirji.

Inna ta ce a hankali in ajiye wadda ke hannuna a ƙasa in ja baya. Na ajiye a gefen shanyar shinkafa, na koma har bakin zaure. Na jira. Aka kawo mini tuwo na ci loma biyu, aka yi azahar na yi salla, na sake leƙawa. Tana nan inda take. Uwarta ta ce tun ɗazu ya kamata a ce ta nemi abinci, amma ba za ta fito da cokalin ba. Na gane muddin ina gidan ba za ta ci ba, ba za ta sha ba. Na ɗauki jakata.

Inna ta rako ni har ƙofar gida. Na fara ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, ai ni na nuna musu hanyar tun farko. Na ce na ɗauka bayan wata biyar ta manta da ni. Ta gyara mayafinta, ta dubi hanya.

"A'a, Malama. Ta san ki sarai."

Na ce zan dawo wani lokaci. Ta ce Allah shi kai mu, amma ba ta ce yaushe ba, ni ma ban tambaya ba. Na juya sau ɗaya na leƙa ta zauren. Tsohuwar igiyar tana ƙasa inda na ajiye ta, kaza tana tsattsagar cokalin, yarinyar kuma tana jikin katanga tana jira in tafi.